Na Je Neman Sifaniyanci, Na Tarar da Katalanci

Shekarun baya, lokacin da nake ɗinkin abaya a wani mashgal, wato shagon ɗinki na mata, a unguwar Nuzla ta Jidda, kowa ya san ni da igiyar sauraro a kunne. Keke na gudu, bakina na motsi, ina maimaita kalmomin da babu mai gane su a ɗakin. Sifaniyanci nake koyo. Abin ya samo asali tun ina yarinya, zamanin dogayen fina-finan nan na Mekziko da ake juya su zuwa Larabci, muna kallo da yayyena bayan la'asar. Waƙar buɗewa kaɗai ake bari da yaren masu abin, ni kuwa ita nake jira. Ban san me ake cewa ba, amma daɗin yaren ya shige ni. Sai da na yi aure na haifi uku, sannan na samu waya mai kyau, na ce bari in cika wa kaina wannan tsohon buri.

Shekara uku ina fama. Duk abin da hannuna ya taɓa a wurin aiki sai na nemo sunansa: allura, zare, almakashi, zif, maɓalli, kalmasa. Na cika littattafai huɗu da rubutu. Ina sauraron labarai in gane, ina karatu ba tare da na duba ƙamus kowane layi ba. Abu ɗaya ne ban taɓa yi ba, ban taɓa magana da ɗan Adam mai rai da yaren ba. Da waya nake hira, ita kuwa waya ba ta da fuska, in ka yi kuskure ba ta ɗaga maka gira.

Maigidana mai gyaran mukayyif ne, wato na'urar sanyaya ɗaki, a unguwar Kurayyat, aikin da ba ya ƙarewa a Jidda. Tun aurenmu ba mu taɓa zuwa ko'ina hutu ba, in ban da Ɗa'if da Madina, kuma mun daɗe muna tanadi. Da kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa, ya yarda ya ba shi ijaza, hutun mako biyu, shi Turkiyya ya so, don can abokansa suke zuwa. Na ce masa Sifaniya ko a fasa.

Ya ce, "Ke dai so kike ki gwada wannan Turancin Mekzikon naki a kanmu."

"Ba Turanci ba ne."

"Tayyib. Allah ya sa mu dawo da ƙafafunmu."

Mahaifiyata, wadda za mu bar wa yaran, ta ce, "In dai dole sai ƙasar, ku je Andalus mana, ku ga abin da Musulmin farko suka gina. A can ko kun ɓata hanya ba za ku rasa Bamagriben da za ku tambaya ba."

A nan ne na baje wayona. Na ce ai abin da nake gudu ke nan, Umma. In akwai masu Larabci, da Larabci za mu yi komai mu dawo yadda muka tafi. Manyan birane kuma, da sun ji harshenka ya karkace sai su juya maka Turanci. Ƙauye nake so, inda dole in buɗe baki ko mu wuni da yunwa. Jirgin da ya fi mana sauƙi a Barcelona yake sauka, maigida kuwa yana jin sunan garin ya saki fuska saboda ƙwallo. Na buɗe taswira, na bi hanyar da ta haura arewa cikin duwatsu, na samu wani ɗan gari mai gidajen dutse da kogi da tsohuwar gada. Na rubuta wa wani masauki da Sifaniyanci, aka ba ni amsa da Sifaniyanci. Na yi ta nuna wa mutane saƙon nan kamar takardar digiri.

Wata ƙawata da muke ɗinki tare, Bahaushiyar Sudan ce, ɗan'uwanta ya taɓa zama a ƙasar, ta ce, "Ya ukhti, na ji fa mutanen yankin nan suna da nasu yaren daban. Katalanci ko me suke ce masa."

Na ce, "Na karanta. Karin harshe ne kawai, kamar Hausar Kano da ta Sakkwato."

Ban karanta komai ba. Layi biyu na gani na wuce.

Wahalar biza ba zan ba ku labarinta ba, sai mu wuni a nan. Amma akwai abin da ya kamata wanda ba mazaunin nan ba ya sani. Mu haihuwar Jidda ne, ni da shi, kakannina da ƙafa suka zo aikin hajji suka zauna, amma fasfonmu na Najeriya ne, ƙasar da sau ɗaya na taɓa takawa ina 'yar shekara bakwai. Zamanmu a garin da aka haife mu ya rataya a kan iƙama, takardar izinin zama, fita kuma sai da izinin fita da dawowa, mai wa'adi. In wa'adin ya cika kana waje, ƙofa ta rufe. Saboda haka na zauna na ɗinka wa takardunmu jaka ta musamman, ƙarama, baƙa, na yi mata ado da jan zare. Maigida ya ce shi zai riƙe ta, wai mata akwai mantuwa.

Tun a filin jirgi na fara ganin alama. Kowane allo layi uku ne. Na ƙasa Sifaniyancin da na sani, na tsakiya Turanci, na sama kuwa wani yare mai kama da nawa amma kamar an gutsure wa kalmomin wutsiya. Na ce a raina ado ne. Muka shiga jirgin ƙasa, daga nan muka hau bas. Muna haurawa cikin duwatsu layukan ƙasa suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, har ya zamana na saman nan kaɗai ya rage.

Mai masaukin wata 'yar gajeriyar tsohuwa ce, gashi fari fat, da riga mai furanni. Wata uku na yi ina shirya jimlar da zan gaishe ta da ita. Na sunkuyar da kai kamar yadda aka koya mana a gaban manya, na sassauta murya, na karanto ta tsaf. Tsohuwa ta dube ni ta yi murmushi, sannan ta kwararo magana da ƙarfi kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Ko kalma ɗaya ban kama ba. Na sake gaisuwata. Ta sake kwararo tata.

Maigida ya ajiye akwati ya ce, "Yalla, Ustaza, fassara mana. Me ta ce?"

"Ta ce... sannu da zuwa."

"Duk wannan dogon bayanin?"

"Haka suke, gaisuwarsu akwai tsawo."

"Ashe Hausawa ne."

Da hannu ta nuna mana ɗaki, da hannu ta nuna mana banɗaki, ta danƙa mana makulli. Ina shiga na zauna bakin gado na buɗe waya, na yi karatun da ya kamata in yi tun a Jidda. Yare ne cikakke, da littattafansa, da makarantunsa, da gidajen rediyonsa. A waɗannan ƙauyukan da shi ake haihuwa, da shi ake ciniki, da shi ake faɗa. Na kuma ci karo da masu cewa wasu mutanen yankin ba sa son a yi musu Sifaniyanci. Wato na ɗauko mijina daga Jidda, na tsallake duk garuruwan ƙasar, na kawo shi daidai inda abin da na zo nema ya fi ƙaranci.

Washegari na je gidan burodi. Mata sun yi layi suna hira, na kasa kunne, kalma ɗaya cikin goma nake tsinta. Da layi ya zo kaina harshena ya ɗaure. Ina tsoron in yi Sifaniyanci su ji haushi, ina tsoron in yi su kasa ganewa kamar yadda tsohuwa ta kasa. Sai na miƙa yatsa na nuna. Kwana uku yatsan nan shi ne tafintanmu. Saboda gudun naman alade, abin da idona ya tabbatar kaɗai muke ci, burodin da ake goga wa tumatir da man zaitun, sai wainar ƙwai da dankali. Maigida ya fara mafarkin ful da tamis, wake da burodin da muke karyawa da su a Jidda, da rana tsaka. Kare ya yi haushi a bakin gada, ya juyo ya ce, "Ustaza, shi kuma me ya ce?"

A rana ta uku bayan azahar ya shigo ya same ni bakin taga ina share hawaye da gefen mayafi. Bai sake tsokanata ba. Ya ce, "Halas, shi ke nan, ba komai. Ai mun ga duwatsu, mun sha iska." Wallahi tausayin nan ya fi mini tsokanar ciwo. Mahaifiyata ta kira ta ce, "Yaya yaren, ana ta yi?" Na ce alhamdu lillahi, na yi maza na tambayi lafiyar yara.

Rana ta huɗu kasuwa ke ci a wani babban gari da ke ƙasan dutsen. Muka bi bas ɗin safe, muka zaga, maigida ya sayi inabi da ɓaure da wata hular kaba da har yau ban san dalilinta ba. Jakar takardu na rataye a wuyansa, don bai yarda a bar ta a ɗaki ba. A hanyar dawowa ya ce igiyar na sa shi gumi, ya cire ta ya cusa tsakanin kujera da taga. Muka sauka wajen ƙarfe biyu, bas ya ci gaba da haurawa. Sai da muka kai ƙofar masauki ya shafa ƙirjinsa, ya tsaya cak.

"Jakar tana wurinki?"

Na girgiza kai. Ya zube a kan matakala, ledar inabi ta faɗi, ya dafe kai yana inna lillahi. Mutumin da ke leƙowa ta tagar hawa na biyar ya ɗaura mukayyif ko gezau, ga shi yau ya rasa inda zai sa kansa. Ni kuma cikin ƙiftawar ido na hango komai. Ofishin jakadancinmu yana can babban birni. Sabon fasfo ba abin kwana biyu ba ne. Ijaza za ta ƙare, wa'adin dawowa zai cika. Iyakarta a ba mu takarda mu wuce Najeriya, inda ba mu da ko ɗaki, 'ya'yana uku kuma suna Nuzla, ƙaramarsu ba ta cika shekara huɗu ba.

Ba shawara na yi ba, ƙafafuna ne suka kai ni. Na faɗa tsakar gida inda tsohuwa ke shanya, na buɗe murya iya ƙarfina, irin muryar da nake kiran yara daga kan titi, na ce da Sifaniyanci, "Señora! Mijina ya bar jakarmu a cikin bas! Fasfo, takardu, komai namu yana ciki!"

Ta saki zanen gadon da ke hannunta. Sannan ta ba ni amsa da Sifaniyanci tas, a hankali, kalma bayan kalma, kamar malamar da ke cikin wayata.

"'Yata! Ashe kina jin yaren? To me ya sa kwana huɗu ba ki yi magana ba?"

"Na yi! Ranar da muka zo na gaishe ki har sau biyu!"

Ta taɓa kunnenta na dama ta ce, "Wannan ya daɗe da mutuwa, ɗayan ma saura kaɗan. Na ga bakinki yana motsi kanki a ƙasa, na ɗauka addu'a kike yi."

Ashe 'yarta da ke birni ce mai amsa saƙonni, ita ba ta ma san da wane yare muka yi ba. Ta ce da ta gan mu ta yanke cewa ba ma jin ko ɗaya daga cikin yarukan biyu, in kuwa ba za a gane ta ba, gara a kasa gane ta da yaren uwarta. Da ba don halin da muke ciki ba da na zauna a ƙasa na yi dariya har in gaji. Kwana uku ina kuka a kan ladabina.

Ta ja ni kicin, ta nuna mini takardar lokutan bas da ke manne a bango, da lambar waya a ƙasa. Ta ce, "Ni ba na jin waya. Ke za ki kira."

Duk wanda ya koyi yare ya san waya ce ƙarshen jarrabawa. Babu fuska, babu hannu, babu yatsa. Na danna lambar. Muryar na'ura ta fara da Katalanci, na daure na jira, sai ta ce mai son Sifaniyanci ya danna biyu. Na danna kamar zan fasa wayar. Wani mutum ya ɗauka, yana magana kamar keken ɗinki na lantarki. Na ce, "Don Allah a hankali, koyo nake yi." Ya yi 'yar dariya ya rage gudu. Na faɗa masa lokacin da muka hau, da inda muka sauka, da kujerar da muka zauna. Na gane duk abin da ya ce, sai dai ba abin da nake son ji ba ne. Direba ba ya ɗaukar waya yana tuƙi. Bas ɗin zai kai ƙauyen ƙarshe kusa da iyakar Faransa, daga can ya sauka ta wata hanyar zuwa wani gari. Gobe da jibi hutu ne, ofis sai Litinin, in zo in cike takardar cigiya.

Kwana uku ke nan, jaka na yawo a mota, kowa na hawa yana sauka.

Na maimaita wa tsohuwa da ƙarfi a kunnenta mai rai. Ta ce, "Litinin?" Ta yi wani tsaki da na rantse a Nuzla ta koyo shi. Ta kama wuyan hannuna ta ja ni waje, ko abin ɗaurin kicin ba ta cire ba, maigida na biye da mu kamar wanda aka zare wa laka. Ba ta tsaya ba sai wani shagon kofi a dandalin gari, inda tsofaffi ke buga domino. Tana shiga ta yi shela da Katalanci. Wuri ya kaure, kowa na magana lokaci guda, wani na nuna gabas wani na nuna yamma. Abin mamaki, sai na ji kunnena ya buɗe. Tsorona ya koma wani wuri, ya bar mini kaina. Na fara tsintar kalmomi cikin hayaniyar: direba, 'yar'uwa, kofi, rabin awa.

Wani ƙaton tsoho mai gashin baki ya juyo gare ni, ya sauya zuwa Sifaniyanci ba tare da wata damuwa ba. Ya ce duk sun san direban. In ya kai ƙauyen ƙarshe yakan tsaya rabin awa ya sha kofi a shagon ƙanwarsa, kuma yanzu ya kamata a ce ya isa. Mai shago ta nemo lambar, ta kira, ta yi magana kaɗan, ta miƙo mini.

Direban mutum ne mai taka-tsantsan. Ya ce, "Akwai jaka, wata mata ta tsinta ta ba ni. Amma fasfo ne a ciki, señora, ba zan ba wa murya a waya ba. Kowa zai iya cewa baƙa ce. Kwatanta mini ita."

A nan ne shekara ukun da na yi a mashgal ina kiran sunan allura da zare suka biya ni. Da ce mini ya yi in yi bayanin siyasa da na kwashi kunya, amma ɗinki? Na gyara tsayuwa. Na faɗa masa irin yadin, na faɗa masa zif ɗin ruwan zinari ne, shafin ciki kore, akwai ƙaramin aljihu mai maɓalli ɗaya. Na ce a gefen hagu akwai reshen dabino da jan zare, ɗinkin sarƙa, ganye bakwai, na ƙarshen ya karkace saboda 'yata ta ja mini hannu ina cikin yi. Ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Shagon ya yi tsit, har masu domino sun ajiye.

Na ji shi yana ƙirgawa a hankali. "Biyar, shida, bakwai. Na ƙarshen ya karkace kuwa. Wa ya ɗinka wannan?"

"Ni."

"To mai ita ta zo ta karɓi abinta. Zan jinkirta kaɗan, amma ku yi sauri."

Na ɗaga hannu sama na ce an samu. Tsofaffin nan suka ɗauki tafi da buga tebur, tsohuwa ta rungume ni, kanta bai wuce kafaɗata ba. Maigida na tsaye bakin ƙofa, shi kaɗai ne a garin bai san abin da ke faruwa ba. Ya ce, "Don girman Allah ki yi mini bayani." Na bar shi ya ɗan jira, ba zan ɓoye muku ba.

Mai gashin baki ya ce mu hau motarsa ta ɗaukar kaya. Ni da tsohuwa a gaba, maigida a baya tsakanin buhunan abincin kaji da wani ƙaton kare mai gashi, wanda ya ga babu matashin da ya fi gwiwarsa. Duk kwanar da muka sha ina jin maigida yana a'uziyya ƙasa-ƙasa. Ni kuwa bakina ya ƙi rufuwa. Tsohon ya tambaye ni Jidda, na ba shi labarin teku da zafi da tsofaffin gidajen unguwar Balad masu tagogin katako. Ya tambayi iyali, na ce ina da ido uku, don kalmar 'ya'ya da ta idanu sun yi kama a yaren. Ya leƙo fuskata ya ce shi biyu yake gani. Muka yi dariya har tsohuwa ta nemi a maimaita mata, aka maimaita da ihu, ta yi tata dariyar daga baya. Ya gyara mini, na maimaita, aka wuce wurin. Kuskuren da na shekara uku ina tsoro ke nan.

Mun samu direba a tsaye jikin bas, jaka a hammatarsa. Ya duba hotunan fasfo ya dubi fuskokinmu, sannan ya miƙo mini ita, ni, a hannuna. Maigida ya rungume bawan Allahn nan yana zuba masa addu'a, Hausa na shiga Larabci na fita. Direba ya dube ni ya ce me yake cewa. Ranar na san wuyar tafinta, domin ban san yadda ake cewa Allah ya raya zuri'a da Sifaniyanci ba. Na ce yana roƙa maka tsawon rai, kai da 'ya'yanka da jikokinka. Ya ce bai yi aure ba, amma ya karɓa.

Kwana goman da suka rage su ne hutun. Tsohuwa ta koya mini gaisuwarsu, da safe in shiga gidan burodi in ce "Bon dia" da ƙarfi, matan su amsa baki ɗaya, daga nan a ci gaba da Sifaniyanci. Ko mutum ɗaya ban gamu da shi ba da ya ɓata rai. In suna tsakaninsu su yi nasu, in sun juyo kaina su sauya, wani lokaci a tsakiyar jimla. Na koyi tambayar abin da ke cikin abinci, muka fara cin kifin kogi da wake da miyar kayan lambu, maigida ya daina zancen tamis. Da la'asar nakan zauna da tsohuwa da ƙawayenta a ƙofar gida suna saƙa. Na gyara mata wani tsohon keken ɗinki da ya shekara da shekaru a rufe, sai ga matan unguwa da siket da wando a hannu. Kowace ta zo da ɗinkinta da labarinta, ni kuma ina karɓar darasi kyauta. Jikokinta suka zo ranar Lahadi suna ta kiranta "yaya", na ce ikon Allah, wannan gida akwai tazarar haihuwa. Ashe kaka ke nan a wurinsu.

Wata rana ta ba ni labarin cewa tana yarinya, in malami ya ji ta yi Katalanci a aji sai ya buge mata hannu da rula. A gida su yi nasu, a waje su yi na hukuma. Na kalli hannun nata. Na ce mata mu ma a gidanmu Hausa ake yi, da an fita ƙofa sai Larabci. Na ba ta labarin mahaifiyata, wadda in mai shago a Balad ya ce mata "sannu", ko kayansa sun fi na kowa tsada a wurinsa za ta saya. Tsohuwa ta ce, "To ke ai 'yar gida ce, me ya ba ki tsoro?" Ni da na tashi da yare biyu a baki, ni ce ya kamata in fara gane mutanen nan tun daga allon filin jirgi.

Da muka dawo, dangi suka taru a gidan mahaifiyata, aka dafa shinkafa da kaza, aka zuba shayi. Mahaifiyata ba ta tambaye ni ba, surukinta ta tambaya. Ta ce, "Kai za ka faɗa mini gaskiya. Ta iya ko kuwa?"

Ya ajiye kofi ya ce, "Umma, da ba don bakin 'yarki ba, da yanzu muna can muna layi a ofishin jakadanci, ku kuna nan kuna kuka. Na ga tsofaffin gari guda sun yi mata tafi." Bai faɗi wanda ya bar jakar a bas ba. Ni ma ban faɗa ba, sai da aka zuba shayi na biyu.

Yau in wani ya tambaye ni ko ya je yankin nan don ya goge Sifaniyancinsa, nakan ce ya je, amma ya san inda za shi, kada ya yi irin karatuna na layi biyu. Zai ji yaren da bai koya ba a titi da kasuwa, kwanakin farko kansa zai yi zafi. Ya koyi gaisuwar masu gari, ya ba su girmansu, su kuma za su ba shi abin da ya zo nema har da ƙari. Sannan ya ɗaga murya. Na daɗe ina ɗaukar shirun da na yi a matsayin kunya da ladabi, daga baya na gane rabinsa girman kai ne, ba na son a ji ni ina kuskure.

Bayan wata biyu da dawowarmu na ɗinka wa tsohuwa doguwar riga, shuɗiya, da aiki a wuya irin namu, na aika mata. Sai ga hoto daga 'yarta, tsohuwa a tsakiyar dandali cikin rigar, ta riƙe ƙugu, 'yan domino a bayanta. Tare da hoton akwai saƙon murya na kusan minti uku, tana ihu kamar daga can take son in ji ta ba tare da waya ba. Ina kan keke a mashgal na saurara. Na gane godiyar, na gane tsegumin maƙwabciyar da ta yi hassada, na gane cewa hannun rigar ya ɗan yi mata tsawo amma kada in damu. Sai da ƙawata 'yar Sudan ta ce in fassara musu, na sake kunnawa, sannan na lura rabin saƙon da Katalanci ta yi shi. Ban ma ji inda ta sauya ba.